Tambaya da Amsa: Da wace tiya ake auna aikin jakada?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni ne suka taru kan abu ɗaya alhali masu su ba su san juna ba, wato ma'aikatar harkokin waje da yadda ake ɗora mata buri a kuma duba ko ta cika. Na ɗan gajarta tambayoyin saboda wuri, masu su su yi haƙuri, kuma kamar kullum ba na sa suna sai unguwa.

TAMBAYA: Baba ina wuni, ya iyali. Ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou nan Damagaram shekarar ƙarshe, malaminmu ya ce in rubuta memwar, wato kundin kammala karatu, kan objektif da andikater, wato buri da ma'auninsa, a ma'aikatar harkokin waje, wallahi wata biyu kenan ina juya takardu kaina ya ɗaure, duk wadda na buɗe sai in ga ƙarfafa dangantaka, ɗaukaka martabar ƙasa, to dan Allah wannan ta yaya ake auna shi? Jiya a fada kawuna ya ce min ai aikin jakada shan shayi ne da shiga jirgi, in je in ƙirga kofuna. A warware min.
Ɗalibi, daga Garin Malam

AMSA: Lafiya lau ɗana, Allah ya ba da sa'a. Ka gaishe min da kawunka ka ce masa bai yi ƙarya duka ba, don akwai rapor ɗin da in ka karanta za ka ga ƙirgar kofunan shayi ce aka sa wa kwat da karabat.

Abin da ya ɗaure maka kai shi ne ka zuba abubuwa daban daban a buhu ɗaya. Magidanci ya ce so nake gidana ya wadata da abinci, wannan shi ne babban buri, objektif stratejik ɗin nan naku, alƙibla ce kawai ba a sa ta a tiya. Sai ya ce to bana ina son dami ɗari na hatsi a rumbu kafin sanyi ya shigo, wannan shi ne abin da ya ɗibar wa kansa, da adadi da lokaci. Damin da ake ƙirgawa shi ne andikater. Kwana nawa ya je gona, sau nawa ya wasa hauya, wannan aiki ne ba sakamako ba, mutum sai ya kwana casa'in yana zuwa gona ya tashi da dami goma. To “ƙarfafa dangantaka” ba laifi ba ne a rubuta shi a saman shafi, laifin shi ne a sauko ƙasa a ce shaidarsa ita ce an yi ziyara kaza an yi reyiniyon kaza, an koma ƙirgar zuwa gona kenan.

Da can kasafin kuɗin gwamnati ba ya ma wannan tambayar, ga kuɗin albashi ga kuɗin mai ga kuɗin takarda, in shekara ta ƙare ka nuna rasit shi kenan. A 2009 ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa ta fitar da ƙa'idoji ga ƙasashenta takwas cewa a koma budje na porogaram, wato kasafin da ke ɗaure kuɗi da sakamakon da ake son samu, Nijar ta sa abin cikin dokarta ta kasafin kuɗi a watan Maris 2012, aka fara aiki da shi a 2018. Ba mu muka ƙirƙiro ba, Amurka ta yi doka irin wannan tun 1993, Faransa ta yi tata a 2001 ta fara aiki da ita a 2006. A tsarin kowace ma'aikata tana kasa aikinta porogaram porogaram, kowane da mutum ɗaya da ake riƙewa da alhakinsa, akwai takardar shekara uku da ake kira DPPD, akwai ta shekara ɗaya mai cewa ga abin da za mu yi wato PAP, sai ta ƙarshen shekara mai cewa ga abin da muka yi wato RAP. In kana son memwar ɗinka ya yi nauyi ka ajiye PAP da RAP na shekara ɗaya gefe da gefe ka bi su layi layi, nan ne allura ke tono garma. Ka kuma lura da cikakken sunan ma'aikatar, harkokin waje da hulɗar taimakekeniya da ƴan Nijar mazauna ƙetare, kaya uku ne a kai ɗaya kuma kowanne tiyarsa daban.

Ga misali na gaske. A watan Yuni 2019 aka zaɓi Nijar a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarun 2020 da 2021 da ƙuri'a 191, a majalisa mai ƙasashe 193, karo na biyu kenan bayan 1980 da 1981. Wannan irin burin yana da daɗin aunawa, ranar zaɓe sananniya ce, ana buƙatar kashi biyu cikin uku, ko ka samu ko ba ka samu ba babu gardama, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, tun da wuri ake neman amincewar Tarayyar Afirka a bi ƙasashe ɗaya bayan ɗaya. Amma kujerar ita ce babban burin? A'a, kujera wurin zama ce. A watan Disamba 2021 Nijar na shugabancin Kwamitin, ita da Ayalan suka kawo ƙuduri kan alaƙar sauyin yanayi da tsaro, ƙasashe 113 suka sa hannu suna goyon baya, a cikin Kwamitin 12 suka ce e, Indiya ta ce a'a, Sin ta ƙaurace, Rasha ta hau kujerar naƙi, ƙuduri ya faɗi. To yanzu kai ne mai cika tablo, wato jadawalin sakamako, mi za ka rubuta? In abin da aka ɗiba shi ne ƙuduri ya wuce, sifili. In kuwa shi ne a tara ƙasashe a bayan maganar da ta dami Sahel, 113 ba wasa ba ne. Ka ga ashe yadda aka rubuta layin tun farko shi ke yanke hukunci, shi ya sa ni a ganina a harkar waje kada ka ɗaure ma'aikaci da abin da mutum ɗaya a wata ƙasa zai iya rushewa da ɗaga hannu, ka auna shi da abin da ke hannunsa, sannan ka rubuta ɗayan a gefe a matsayin inda ake fatan kaiwa.

Bari in ba ka nawa abin kunyar. Na yi shekaru a wani biro da ba zan faɗi sunansa ba, an rubuta mana atalye, wato taron bita, goma sha biyu a shekara, Disamba ta shigo mun yi goma. Sai muka yi biyun cikin sati ɗaya, zaure ɗaya, mutanen nan dai su ne, ranar Laraba da yamma ni da kaina na hau kujera na sauke ƙyallen da ke bango na rataya wani mai sabon take, aka sake raba alƙalami da ɗan littafi da ruwan leda, kowa ya sa hannu ya karɓi fardiyam ɗinsa, wato kuɗin zaman taro. A tablo na rubuta 12 bisa 12, ɗari bisa ɗari, har aka yaba mana. Ba mu saci ko dala ba, kuma babu abin da ya canja wa kowa. Tiyar ce ta koya mana haka, abin da aka ce za a ƙirga shi muka kawo.

Saboda haka duk layin da ka gani ka tambaye shi, yau ina muke kafin a ce za a kai wani wuri, don wanda bai san daminsa na bara ba in ya ce zai ƙara kashi ashirin tatsuniya yake, sannan wa zai ƙirga, kuma daga wane rajista, in wanda ake aunawa shi ne mai riƙe da tiyar to ka san sauran, sannan wane mutum ne takamaimai za a kira in abin bai yiwu ba, ba wai “ma'aikata” ba, ma'aikata ba ta da kunne, kuma nawa aka ware. Buri ba kuɗi addu'a ce, addu'a kuwa tana da kyau amma ba a PAP ake rubuta ta ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne ba ni da boko mai zurfi yarona ne ke rubuta min. Na ji ana ta maganar nan ta buri da tsare tsare a rediyo, ni dai abin da na sani ƙanena ya tafi neman kuɗi wata ƙasa aka kama shi wata uku yana tsare ba mu san inda yake ba sai da wani ɗan garinmu da aka sako ya bugo waya. To mu talakawa mi ye namu a cikin wannan lissafin?
Alhaji, daga Kasuwar Dole

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara arziki, Allah ya kuɓutar da shi ya dawo gida lafiya. Naku shi ne mafi girma a ciki, don duk aikin ma'aikatar nan babu wanda ya fi aunuwa irin aikin konsila, wato jami'in da ke kula da ƴan ƙasa a waje, kuma babu wanda ya fi taɓa mutumin Damagaram. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok ba kowa ya san an yi ba, amma gida nawa ne a Zango da Birni da Matamaye da Magarya ba su da wani a Kano ko Legas ko Libiya ko Aljeriya ko Saudiyya?

Akwai yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan aikin konsila, sashe na 36 ya ce in an kama baƙo a wata ƙasa dole a gaya masa yana da damar a sanar da konsilan ƙasarsa, in ya nema a sanar ba tare da jinkiri ba, kuma konsila na da damar ziyartarsa ya nema masa lauya. Ka lura da kalmar nan, in ya nema. Yawancin yaranmu ba su sani ba, wasu kuma sun fita ba fasfo ba katin ɗan ƙasa ba su taɓa zuwa sun yi kart konsiler ba, wato katin rajista na ofishin konsila, ofishin bai ma san da su a ƙasar ba. Ban ce babu sakaci a ko'ina ba, akwai, amma dan Allah duk mai yaro a waje ya matsa masa ya je ya yi rajista, kuma ku a nan ku ajiye kwafin takardunsa.

To da ni za a tambaya mi za a rubuta a wannan porogaram, kwanaki zan ƙirga. Daga ranar da labari ya iso ofis cewa an tsare ɗan ƙasa zuwa ranar da wani ya je ya gan shi ido da ido kwana nawa. Wanda fasfonsa ya ɓace kwana nawa kafin ya samu lese-pase, wato takardar wucewa, ya dawo gida. Wanda ya rasu, kwana nawa kafin danginsa su ji daga bakin hukuma ba daga WhatsApp ba. Faransa a kasafin ma'aikatarta akwai porogaram guda na ƴan ƙasarta mazauna waje da aikin konsila, cikin abin da suke bugawa duk shekara har da tsawon lokacin da mutum ke jira kafin takardarsa ta fito, kowa na iya gani. Wannan ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada, rajista ne da alƙalami da gaskiya.

Amma ko nan akwai tarko. In aka ce ma'auni shi ne yawan kart konsiler da aka yi, ma'aikaci zai zauna babban birni inda ƴan kasuwa da ɗalibai ke zuwa da ƙafarsu ya cika adadinsa, su kuwa masu aikin gini da mata masu bara da ke can lungu, waɗanda suka fi kowa buƙata, ba mai leƙa su. Ka tuna watan Oktoba 2013 da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, kuma akasari daga yankin Kance suka fito, motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Daga Disamba 2014 aka fara maido da mutanenmu daga Aljeriya ayari ayari. Yanzu in wani ya rubuta a rapor bana an maido mutum kaza fiye da bara, nasara ce ko asara? Ta wani gefen an yi aiki an kawo su gida, ta wani gefen kuma yana nufin tafiyar ba ta ragu ba, wata ma karo na uku kenan ana maido ta. Lamba ɗaya ba ta faɗa maka, sai an haɗa da nawa ne suka sake komawa, wannan kuwa ya wuce ƙarfin ma'aikatar waje ita kaɗai, maganar gona ce da ruwa da abin yi a Kance.

Tunda kai ɗan kasuwa ne bari in taɓo iyaka. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971 mazauninta na Yamai, amma hakan bai hana Najeriya rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ba, bai kuma hana rufewar da ta biyo bayan Yuli 2023 ba har zuwa Maris 2024, kai ka fi ni sanin yadda shingayen iyaka na Ɗan Barto da Kwangwalam suka koma a lokacin da kuma yadda farashi ya yi a Dole. Babu jakadan da zai sa hannu cewa iyaka ba za ta rufe ba, ba a hannunsa makullin yake ba. Abin da za a iya riƙe shi da shi shi ne cikin matsalolin da ƴan kasuwa da direbobi suka kai masa nawa ya kai gaban ɗaya ɓangaren, nawa aka warware, mota na kwana nawa a shinge. In ƙungiyarku ta ƴan kasuwa za ta riƙa rubuta waɗannan da kwanan wata ta miƙa a takarda, kun ba su tiyar da ba su suka sassaƙa ba.

TAMBAYA: Malam ina yini. Kullum sai mu ji an ce an je waje an samo biliyan kaza, an sa hannu kan yarjejeniya kaza, mu dai ajinmu har yau na zana ne. Ashe ba kuɗin da aka samo ba ne ya kamata a auna su da shi?
Malama, daga Mirriya

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari da yara. E, kuɗi ma'auni ne, sai dai wane kuɗi? A watan Disamba 2017 an yi babban taro a Faris don neman kuɗin shirin raya ƙasa na PDES na 2017 zuwa 2021, aka sanar da alƙawarin dala biliyan 23 na Amurka, fiye da abin da aka je nema. To alƙawari daban, yarjejeniyar da aka sa wa hannu daban, kuɗin da ya fito daga asusun mai bayarwa daban, wanda ya zama bulo da kwano a Mirriya daban, kuma a kowane mataki abin raguwa yake kamar ƙanƙara a hannun yaro. Cikin abin da ake sanarwa a irin wannan taro wani kyauta ne, wani bashi ne da jikokinmu za su biya, wani kuma niyyar ƴan kasuwa ce ta zuba jari in sun ga riba. Wanda ya rubuta alƙawari a layin sakamako cinikin biri a sama ya yi.

Yawan yarjejeniyoyi kuwa shi ne ma'aunin da na fi tsana, don babu abin da ya fi sa hannu sauƙi, tebur ne da tuta biyu da mai hoto. Tambayar ita ce cikin waɗanda aka sa wa hannu shekara uku da suka wuce nawa ne suka fara aiki. In aka juya ma'aunin haka za ki ga an rage sa hannu an koma bin sawun tsofaffi.

Sai dai a yi wa ƴan diflomasiyya adalci, nomansu ba na damina ɗaya ba ne. Ga matatar SORAZ nan arewa da gari kan hanyar Tanut, an buɗe ta a Nuwamba 2011, ganga dubu 20 a rana, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin kashi 40 na Nijar. Nijar ta ƙulla hulɗa da Sin a 1974, ta yanke a 1992 lokacin da aka juya wajen Taiwan, aka maido a 1996. Wanda ya yi aikin maidowar a 1996 da an auna shi a ƙarshen shekarar ba ganga ko ɗaya a tablonsa. Kuma da matatar ta zo wa za a rubuta wa, ma'aikatar waje ko ta man fetur ko ta kuɗi ko fadar shugaban ƙasa? Kowa cewa zai yi shi ne. Shi ya sa ake son tun farko a rubuta wa ke ja wa ke turawa, in ba haka ba ranar nasara iyaye sun yi yawa ranar faɗuwa maraya ne. Maganar ajin zana kuwa, gaskiya ƙofar da za ki fi bugawa ta ma'aikatar ilimi ce da ta magajin gari.

TAMBAYA: Kawu, tunda abubuwa suka canja a 2023 aka fita daga nan aka shiga can, duk tsare tsaren da aka rubuta da sun zama takardar ƙosai kenan?
Matashi, daga Sabon Gari

AMSA: Wasu e, wasu a'a, ɗana. Babban buri ba ma'aikata ke ƙago shi ba, daga masu mulki yake saukowa, in alƙibla ta juya dole tablo ya juya. Dubi jerin, 16 ga Satumba 2023 aka sa hannu kan yarjejeniyar Liptako-Gurma da ta haifi AES, ƙawancen ƙasashen Sahel, tsakanin Nijar da Mali da Burkina Faso, 28 ga Janairu 2024 aka sanar da ficewa daga CEDEAO, 6 ga Yuli 2024 aka kafa haɗakar ƙasashen uku a Yamai, 29 ga Janairu 2025 ficewar ta tabbata, a Maris 2025 aka fita daga ƙungiyar masu amfani da Faransanci wadda ma a Yamai aka aza tubalinta a 1970 zamanin Diori Hamani. Duk layin da aka rubuta kan waɗancan ƙungiyoyi ya tashi aiki. Ban zo nan in ce an yi daidai ko kuskure ba, wannan ku ci gaba da shi a fada, abin da na sani shi ne sabon buri ma yana buƙatar tiya, in an ce faɗaɗa abokan hulɗa ko kare ƴancin ƙasa to a sauko ƙasa a ce da mi za mu gane, nan da yaushe, in ba haka ba an canja ƙyallen bango ne irin nawa.

Abin da ba ya canjawa kuwa shi ne taswira. Ƙasa bakwai ke kewaye da mu, ba mu da teku, iyakarmu da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, ƙanen Alhajin Dole yana buƙatar konsila ko wa ke mulki a Yamai.

Kuma akwai aikin da ba ya shiga tablo ko an so. Rigimar tsibirin Lete tsakaninmu da Benin ta faro tun farkon ƴancin kai, aka yi ta kai ruwa rana shekaru kusan arba'in kafin ƙasashen biyu su yarda su kai ta Kotun Duniya, a 12 ga Yuli 2005 kotu ta ba Nijar tsibirin, ta iyakarmu da Burkina ma kotun ce ta raba a 2013. Babban abin da aka samu a nan shi ne yaƙin da ba a yi ba, to a wane layi za ka rubuta yaƙin da ba a yi ba? Haka tattaunawar sirri, a sako wani da aka kama, a kwantar da wata wuta kafin ta tashi, in ka buga ta a RAP ka ɓata ta. Irin wannan da baki ake ba da bahasinsa ga wanda ya aike ka, da rubutaccen bayani, ba da kashi cikin ɗari ba. Mutanen Damagaram ba baƙin wannan ba ne, tun zamanin Sarki Tanimun ana aika manzanni Barno ana hulɗa da fataken Tarabulus, manzo in ya dawo ba a tambayarsa zango nawa ya yi, mi ka zo da shi ake cewa. Kuma ɗan yankin nan, Hamid Algabid na ƙasar Tanut, ya riƙe sakatare janar na ƙungiyar ƙasashen Musulmi daga 1989 zuwa 1996.

TAMBAYA: Mi zai hana a biya jakadu da kamasho kamar dillalai, wanda ya kawo da yawa ya samu da yawa?
Dillali, daga kasuwar dabbobi

AMSA: Hahaha, maigida ka yi maganar sana'arka. In aka yi haka kowa zai yi rububin ƙasa mai kuɗi, wa zai yarda a kai shi inda ake harbe harbe, inda aikin duka ziyarar kurkuku ne da neman gawa da lallashin ƴan sanda, alhali can ne mutanenmu suka fi yawa? Kuma kai ka sani dillalin da kamasho kaɗai ke gabansa yakan sayar da raƙumin mutane da arha don ciniki ya faɗa. Abin da ya fi shi ne kowane jakada ranar da zai tafi a ba shi takardar aiki tasa ta kansa, abu uku ko huɗu da suka dace da ƙasar da zai je, na Abuja ba irin na Bejin ba, na Saudiyya da aikin alhazai ba irin na Niyok ba, duk shekara a zauna da shi a buɗe takardar, wanda ya yi a bar shi ko a ƙara masa girma, wanda bai yi ba ya dawo gida.

Ɗalibin Garin Malam, na manta ban ce maka ba, tunda kundin mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, ka gwada fassara tablo ɗaya zuwa Hausa ka kai fada ka karanta wa kawunka, layin da ya ce maka “wato mi kenan?” ka ja masa jan biro ka fara da shi. Mai tambaya kan fasfon AES da wadda ta rubuto kan bizar karatu, naku sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.